Ranar da Ƙafar Mahfuzu Ta Faɗi Jarrabawa

Jiya na dawo daga Buza ba takalmi. Ba sayarwa na yi ba, ba kuma sadaka na bayar ba. Matata Rahila ta tare ni a bakin ƙofa, ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata, ta ce, "Malam Ɗayyabu, rakiya ka tahi ko kai anka ɗauka sojan?" Na ce ta kawo ruwan zafi da gishiri da allura, sauran bayani sai an fidda ƙaya. An fidda ƙaya. Ga bayanin, ku ma ku sha.

Mahfuzu ɗan ƙanwata Kulu ne. Shekararsa ashirin da biyu, yana da brebe, takardar gama kwaleji, tana nan cikin leda a ƙasan akwati ba ta taɓa cutar kowa ba. Ubansa ya rasu tun yana ƙarami. Wansa Imrana ya tafi bida, wato ci-rani, arewa shekara huɗu ke nan. Ya kira sau ɗaya daga bayan Agadas ya ce gobe za su shiga sahara, kuma tun daga ranar salularsa ba ta sake shiga ba. Shi ya sa Kulu ta gindaya wa wanda ya rage mata sharaɗi guda: ya yi noma, ya yi kiwo, ya yi duk sana'ar da ya ga dama, amma kada ya hau motar arewa. Gonarsu kuwa irin tamu ce ta ƙasar Allakaye, rabi ƙasa rabi dutse. In damina ta yi kirki, geron ya kai su wata biyar.

Bara da rani ɓarayi suka kore dabbobin unguwarmu daga bakin rijiya. Mu manya muka taru ƙarƙashin gawo muna shawara, kowa yana faɗin abin da da shi ne da ya yi. Mahfuzu bai zauna shawara ba. Ya ɗauki gora da sanda ya bi sawu. Kwana biyu yana hawan duwatsun wajen Keita yana sauka, har ya gano inda aka ɓoye su cikin wani kwazazzabo, ya juyo ya kawo labari, aka je aka ƙwato fiye da rabi. Tun daga nan aikin soja ya shiga ransa. Kulu ba ta son bindiga, amma da na je lallashinta sai na tarar ta riga ni. Ta ce, "Yaya, bar shi shi tahi. Soja ko ya mutu ana zowa a hwaɗa ma uwatai."

Sai ga sanarwa a rediyo: manya za su zo Buza ɗaukar samari, kuma bana, in ji su, ba sani ba sabo, cancanta kawai. Na ji daɗin wannan "bana" ɗin, domin ta nuna mai maganar ya san abin da aka yi bara. Mahfuzu ya shiga haɗa dosiye: takardar haihuwa, hoto, tambur, sa hannun wannan, hatimin wancan. Wata guda yana zirga-zirga tsakanin biro da biro, wato ofis-ofis na hukuma, duk a ƙafa, kuma ba biron da ya ce masa ƙafar ba ta yi ba.

Wanda ya fara ganin matsala shi ne maƙwabcina Gado. Gado ya yi shekara takwas yana wanki da guga a bakin wani bariki, don haka duk abin da ya shafi soja a garinmu shi ne littafinmu. Muna bakin rijiya, Mahfuzu ya taka laka ya wuce, sai Gado ya duƙa yana kallon sawun kamar mai duba.

"Ɗayyabu, yaron ga ba shi shiga."

"Don mi?"

"Dubi sawu nai. Babu ɗan kwarmin nan na tsakiya. Ƙahwa shimhiɗe awa ta agwagwa. Can bariki piye pila sunanta, kuma ba su ɗauka."

Na ce da wannan ƙafar ce aka dawo masa da saniyarsa. Ya ce saniya daban, doka daban. Amma da yake Gado ba ya nuna cuta bai ba da magani ba, sai ya ce yaron ya riƙa murza tafin ƙafarsa a kan kwalba safe da yamma, ya kuma ɗaura ƙwallon goriba a tsakiyar kowace ƙafa ya yini da shi. Mako guda aka yi ana wannan aiki. A rayuwata ban taɓa ganin Mahfuzu yana ɗingishi ba sai da aka fara yi masa magani. A rana ta takwas Kulu ta jefa ƙwallayen bayan darni, ta aika wa Gado cewa in yana da sauran ilimi ya gwada a kan ƴaƴansa.

Jiya ce ranar. Esans, wato man fetur, ya yi ɓatan dabo kwana biyar, masu kabu-kabu duk sun jera baburansu a gidan mai suna gadinsu, wanda ya samu ɗan kaɗan a kwalba kuma sai ka rantse turaren Makka yake sayarwa. Muka sallame asuba muka kama hanya a ƙafa. Tafiyar awa uku ce ga mai ƙarfi, huɗu ga irina. An ce a hallara ƙarfe bakwai, Mahfuzu sai waige yake yana son ya ruga ya bar ni. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, bakwai ɗin manya ba irin tamu ba ce.

Mun isa tara saura. Samari sun fi ɗari uku a wani fili bayan gari, iyaye suna bayan igiya. Manya suka iso sha ɗaya, cikin manyan motocin nan kat-kat guda biyar masu baƙin gilashi. Suka fito, direbobi suka bar injuna a kunne don kada sanyin ciki ya gudu kafin a dawo. A nan na gane ashe esans bai ɓace ba, wurin da ya dace ya koma. Allah ya saka musu da alheri, ko ba komai mun shaƙi ƙamshinsa kyauta.

Mai Girma Babban Baƙo ya yi jawabi da Faransanci, ya kusa awa guda. Ya ɗaga yatsa, ya dafa ƙirji, sau biyu har muryarsa ta yi rawa. Da ya gama, tafinta ya juyo ya ce, "Ya ce ku yi haƙuri, kuma ku yi layi." Ban san ko Faransanci ne mai tsawo ko Hausa ce gajera ba.

Da rana ta take tsaka aka ce a yi gudu, a kewaye wani tudu a dawo. Na ga samari suna zubewa a hanya kamar an sassabe kara. Mahfuzu ya shigo na uku, kuma biyun da suka riga shi a Buza suka kwana. Ni da nake bayan igiya sai da na manta da shekaruna, na yi tsalle hulata ta faɗi. Da aka karanta sunayen waɗanda suka ci gudu, sai na ji lissafin ya yi ƙiba. Akwai wani saurayi mai sheƙi, mai ƙamshin turare, da na gani da idona yana shan lemo cikin ɗaya daga motocin nan lokacin da ake gudun. Sai ga shi ya zo na tara. Wataƙila a zuci ya yi nasa gudun, kuma mu talakawa ba mu da na'urar auna wannan.

Daga nan aka shiga bizit, wato duba lafiya. Aka auna tsawo, aka auna nauyi, aka duba ido da haƙori kamar ana cinikin doki. Mahfuzu ya wuce duka. Saura ƙafa. An ajiye daro cike da ruwa a bakin wata baranda mai siminti, kowa ya tuɓe takalmi ya jefa cikin tari, ya tsoma ƙafa ya taka simintin. Can gefe, a kan kujera, ga wani babba da baƙin tabarau da hatimi a hannu, wanda zan kira Mai Girma Sarkin Tafin Ƙafa. Kusa da shi wani tsohon majo, babban ma'aikacin jinya, yana tsaye yana miƙa takardu.

Mahfuzu ya tsoma, ya taka. Sawun ya fito cikakke tun daga yatsu har diddige, kamar an ajiye bulo an ɗauke. Sarkin Tafin Ƙafa bai ko sunkuya ba.

"Piye pila. Inapt."

Hatimi ya sauka. Inapt, ga wanda bai yi lakwal ba, wato boko, ma'anarta bai dace ba.

Mahfuzu ya tsaya da jiƙaƙƙun ƙafafu, ya ce a hankali, da "yallaɓai" ɗin Faransanci, "Mushe, ni na zo na ukku."

"Na gaba," in ji Mai Girma.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Ban san lokacin da na kutsa ƙarƙashin igiya ba.

"Ranka shi daɗe, ni kawun yaron ga ne. Tambaya gare ni."

"Baba, nan ba wurin iyaye ba ne."

"Na sani. Ƙahwag ga da kunka kayar, daga ƙasar Allakaye ta taso yau da asuba. Ta iso, ta yi gudunku, ta zo ta ukku. Mi ya rage ta yi?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi mini bayani da haƙuri irin wanda ake yi wa mara fahimta. "Irin wannan ƙafa ba ta iya doguwar tafiya."

Iyayen da ke bayan igiya suka yi dariya. Shi bai yi ba, domin da gaskiyarsa yake magana. Ya ce doka ce, a rubuce take. Na ce wa ya rubuta. Ya nuna sama da alƙalami. Na ɗaga kai, ban ga kowa ba sai kwanon baranda.

Sai na tuɓe takalmina, na fata, waɗanda ba na sawa sai Sallah da zuwa gaban manya, na jefa cikin tarin. Na tsoma ƙafa cikin daron hukuma, na taka kusa da sawun Mahfuzu. Kamar an tsaga kara.

Na ce, "Wagga ita ce ƙahwar gidanmu. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe. Kakanmu Zali, zamanin Nasara, har gona anka iske shi anka ɗaura mai igiya ga ƙugu, anka ce ya zama soja. Da wagga ƙahwa ya taka har inda ƙasa ta ƙare, ya shiga jirgin ruwa, ya yi yaƙin da bai san mahwarinsa ba, ya dawo ya haihi ubanmu. Ba wanda ya kawo mai daro. Ashe in ku ka son mutum, ƙahwa ba ta da laihi. Sai in shi ka so."

Da na tsaya nan, da na tsira da mutuncina da takalmina. Amma baki shi ke yanka wuya. Na ƙara da cewa, "Ranka shi daɗe, ko za ka tuɓe naka mu ga irin wadda kuke so, mu san abin da za mu riƙa haihuwa?"

Wasu ƙarfafa biyu suka ɗauke ni ta hammata, cikin girmamawa, suka fitar da ni ta ƙofar baya. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Shi ne kawai abin hawan da na samu jiya. Kafin a bar ni in zagayo, an watse, tarin takalma ya tashi, ba abin da ya rage sai silifa guda na hagu da na Mahfuzu na taya, waɗanda ko ɓarawo ya raina. Ina fata dai wanda ya ɗauki nawa yana cikin waɗanda aka ɗauka, in ce ni ma na ba ƙasa gudummawa.

Muna zaune a inuwar katanga, sai ga tsohon majon nan ya fito da buta zai yi alwala. Ya waiga dama da hagu, ya ce wa Mahfuzu, "Samari, tashi ka ɗage bisa yatsu." Mahfuzu ya ɗage. Sai ga kwarmi ya fito a tafin ƙafarsa, sarai, har kana iya zura yatsa biyu.

"Tana yi maka ciwo in ka yi tahiya?"

"A'a."

"Gwiwa fa? Baya?"

"Ko kaɗan."

Majo ya juyo wurina. "Iri biyu ce, Malam. Akwai wadda ta ƙage, mai ciwo, wadda in an ɗora ma mai ita kaya anka ce ya yini tahiya za a cuce shi. Don ita anka yi dokar, kuma da gaskiya. Akwai kuma irin wagga, lahiyarta lau, ta hi tawa."

"To don mi ba ka hwaɗi ba a ciki?"

"Na hwaɗi bara. Na hwaɗi bara waccan. Takardar gida biyu gare ta, e da a'a, kuma mai hatimi ba shi duƙawa. Ni ko wata takwas ya rage in aje aiki."

Na ce baɗi fa, in yaron ya sake zuwa. Ya zuba ruwa a hannu, ya ce, "Baɗi ma daron ne."

Muka kamo hanyar gida. Mahfuzu ya tuɓe takalminsa na taya ya miƙo mini, na ƙi. Na ce ni da na yi wa hukuma lacca a kan ƙarfin ƙafar gidanmu ba zan karɓi aro ba. Girman kai rawanin tsiya. Duwatsun Adar ba su halarci laccar ba, ƙaya ma haka.

Akwai wasu samari bakwai ko takwas a gabanmu, duk waɗanda aka kayar, kowa da dosiyensa a hammata. Da muka gangaro wani kori, hanyar ruwan damina, wanda ruwan shekaranjiya ya bar rairayinsa a jiƙe, sai ga ɗaya daga kat-kat ɗin nan ta nutse har ciki. Taya sai juyawa take tana haƙa wa kanta kabari. A gaba ga Sarkin Tafin Ƙafa. A baya ga zakaran gudun zuci, na tara, yana latsa salula. Direba ya fito yana roƙo a taimaka a tura.

Samarin suka tsaya a bakin gaɓa. Ɗaya ya ce, "Mu inapt ne." Sauran suka yi dariya, ni ma na nemi dutse na zauna, don irin wannan kallo ba kullum ake samunsa ba.

Mahfuzu ya miƙo mini dosiyensa. Ya sauka cikin korin, ya durƙusa ya fara tone rairayi daga gaban taya da hannu. Ya ce wa direba ya rage iskar tayoyin, ya sa aka karyo rassan sabara aka kawo faffaɗan duwatsu aka shimfiɗa. Sauran suka ga haka, ɗaya bayan ɗaya suka sauko, har mai cewa inapt. Suka sa kafaɗa. Na lura da abu guda, kuma ina ba masu rubuta doka shi kyauta: faffaɗar ƙafa ba ta nutsewa cikin rairayi. Ku tambayi raƙumi. A turawa ta uku motar ta yi gurnani ta haye.

Gilashin gaba ya sauka kamar faɗin hannu. Mai Girma ya dubi samarin nan, jikinsu duk laka, suna haki. Bai gane ko ɗaya ba, tun da dama fuska ba sashensa ba ce. Ya ce, "Madalla da ku. Samari irinku ƙasa ke nema. Me ya hana ku shiga soja?"

Gilashi ya koma, motar ta watsa mana rairayi ta wuce.

Da muka yi nisa na ce wa Mahfuzu, "Kai kuwa mi ya kai ka? Da ka bar su sun ɗan ɗanɗana."

Ya nuna gabas da haɓa. "Kawu, ba ka ga hadari ba? In ruwa ya zo korin ga, da su za shi tahi."

Na duba, gaskiya ne, gabas ta yi baƙi. Ni da shekara hamsin da takwas ina zaune kan dutse ina jiran kallo, ban gani ba. Ba mu kai gida ba sai da ruwan ya sauko.

Kulu tana tsaye a bakin gari da magariba, ta lulluɓa da buhu. Ta dubi fuskar ɗanta, ta dubi ledar dosiyen a hannuna, ba ta yi tambaya ba. Ta ce, "Ku zo ku sha hura."

Yau da safe, ina zaune ƙafafu cikin ruwan gishiri, Mahfuzu ya shigo da hauya a kafaɗa zai wuce gona. Ya gaishe ni, ya tsuguna, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Kawu, in an yanke gero an sa rumbu, zan tahi."

"Ina?"

Ya ɗaga kai ya dubi arewa.

"Alkawarin da ka yi ma uwarka fa?"

"Na riƙe shi shekara huɗu. Na bi ƙohwar da anka ce in bi, kai ma ka gani. In na zamna, wata biyar mu ci, wata bakwai mu kalli juna."

Na kawo masa zancen noman albasa a fadamar Madawa, ya ce injin ban ruwa ba ya shan addu'a, esans yake sha. Na kawo zancen baɗi, ya tuna mini abin da majo ya ce. Na kawo zancen Imrana, ya ce wataƙila a can ya ji labarinsa. Duk abin da na ƙara bayan wannan, "To, Kawu" yake cewa, irin "to" ɗin da ke nufin an gama magana. Da zai tashi ya ce, "Kai za ka hwaɗa mata. Ni ba ni iya duban idonta."

Tsakanin ƙofata da ta Kulu taku arba'in ne. Tun hantsi nake zaune ina wannan rubutu, Rahila ta leƙo sau uku tana tambaya ko ban tafi ba, ina ce mata ƙafa ce ta kumbura. Ta san ba ƙafa ba ce. Zan je in an yi la'asar, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.

Amma don a yi wa kowa adalci, bari in faɗi alherin masu kamiyon arewa, manyan motocin da ke kwasar samari zuwa sahara. Duk abin da ake faɗa a kansu, ban taɓa jin sun mai da ɗan wani gida saboda siffar ƙafarsa ba. Su a wurinsu kowa ya dace.